GUDUN HUNTURU: YADDA NA ZAƁI GARIN DA ZAN YI ZAMAN AURE

  

Tun da littafina na baya-bayan nan ya fito, aka ga adireshin da ke bayan bango ya tashi daga Jos ya koma Ibadan, saƙonni ke ta zuwa mini. Wata ta ce ko rikici ne ya kore mu, wata ta ce ko Bayarabe na aura, wata kuwa cewa ta yi, "Anti, ke da kika tashi a garin ni'ima, me kika gani a Kurmi?" To yau dai zan ba ku amsa gaba ɗaya. Ba rikici ba ne, ba kuma Bayarabe na aura ba. Sanyi ne ya kore ni daga garinmu, kuma da hannuna na zaɓi inda zan koma.

Ni mai ciwon sikila ce, wanda iyayenmu ke kira amosanin jini. Da shi aka haife ni, da shi na yi firamare da sakandare. A gidanmu kowa na murnar shigowar hunturu saboda dankalin Turawa da kabeji da karas sun yi araha, ni kuwa da na ga hazo ya fara rufe duwatsun Jos sai gabana ya yanke ya faɗi, domin na san kwanan asibiti ya matso. Lokacin da nake makarantar kwana, ranar da duk na yi wankan asuba da ruwan famfo a watan Disamba, kafin a tashi daga aji ƙasusuwana sun fara sara kamar ana buga mini guduma. Har jarrabawar ƙarshen zango na sha rasawa. Umma kuwa, Allah ya saka mata da alheri, ta kwana zaune a gefen gadona ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, tana matsa mini ƙafa tana share hawaye da gefen mayafi don kada in gani.

ME YA HAƊA SANYI DA SIKILA?

Likitan da ke duba ni tun ina ƙarama ya taɓa zana mini abin a takarda. Ya ce jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya a kewaye suke, masu laushi, suna bi ta cikin ƙananan hanyoyin jini sumul, kuma kowace takan yi kwana kamar 120 kafin ta mutu. Namu kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, kuma ba sa wuce kwana 10 zuwa 20. Idan sanyi ya bugi jiki sai hanyoyin jini su tsuke, waɗannan laujuna su cushe a ciki, jini ya kasa wucewa. Ciwon da muke ji ke nan. Busasshiyar iskar hunturu kuma tana zuƙe ruwan jiki ba tare da mutum ya ji ƙishirwa ba, jini ya ƙara kauri. Ga ƙura da ke kawo mura da tari, su ma suna tayar da ciwon. Masu asma ma sun san wannan labarin.

Shi kansa hunturun iska ce da ke tasowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, daga wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa cikin Maris. Mafi yawan ƙurar da take ɗauko mana daga wani kwari take a ƙasar Chadi, ana ce masa Bodele, wanda a da can tafki ne ya ƙafe. Duk garin da ya fi kusa da hamada ya fi shan ƙura, duk wanda ya fi kusa da teku ya fi samun sauƙi, domin iskar teku mai ɗumi da laima ce take tare ta. Jos kuwa nata ya zama biyu, ga hunturu ga tudu. Garin yana bisa tsauni mai tsawon mita sama da 1,200, kuma duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 6. Shi ya sa a wasu darare na Disamba da Janairu awon yakan sauka ƙasa da digiri 10.

YADDA MAGANAR TA TASO

A shekarar 2022 Allah ya haɗa ni da maigidana. Bakano ne, ma'aikacin gwamnatin tarayya da aiki ya kawo Jos. Ranar da ya fara zuwa zance, kafin ya gama gabatar da kansa na ce, "Malam, kafin mu yi nisa, ni fa SS ce. In za ka iya to, in ba za ka iya ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ya yi shiru, ya yi sallama ya tafi. Na shiga ɗaki na sha kukana, na ce shi ke nan, ya bi sahun na baya. Bayan kwana uku sai ga shi da takardar asibiti a hannu, ya miƙo mini yana murmushi. AA ne. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ba gudu na yi ba, gwaji na je."

A nan zan ɗan tsaya in ja kunnen ƙannena. Idan AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai sikila. Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da wannan ƙwayar, kuma ana ƙiyasin jarirai kamar 150,000 ake haifa da ciwon duk shekara a ƙasar nan. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a shekarar 2024. Kada ki jira sai an sa rana, ki san naki tun kina makaranta, kafin zuciya ta riga hankali.

Da aka sa ranar bikinmu, sai maganar wurin zama ta taso. Wa'adinsa a Jos ya kusa cika, kuma an ba shi damar ya nemi inda za a mayar da shi. Mahaifiyarsa, Hajiya, ta riga ta sa an yi wa sashensa fenti a gidansu na Kano. Shi kuwa ya zaunar da ni ya ce, "Jikinki ne, ke kika san inda yake miki ciwo. Ki zaɓi garin, ni zan rubuta takardar." Wallahi a ranar na san na yi dacen miji. Amma kuma a ranar nauyi ya hau kaina, domin duk inda na nuna, akwai wanda zai yi kuka.

Na ɗauko wani tsohon littafin rubutu, irin wanda nake tsara labaraina a ciki, na ja layi biyar: sanyi, ƙura, sauro, asibiti, dangi. Na shiga tambayar likita, da direbobin tasha, da matan da suka yi zaman aure a garuruwa daban-daban.

KANO DA ABUJA

Kowa a gidanmu Kano ya fara nunawa. "Ai Kano garin zafi ne," in ji Gwaggo. Gaskiya ne, amma zafin Kano na bazara ne, a Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke kaiwa digiri 40. A Janairu kuwa dare yakan sauka wajen digiri 13, wani lokacin ƙasa da haka, ga jaura mai fasa leɓe da diddige. Ƙurarta ta fi ta Jos nesa ba kusa ba, har jiragen sama kan kasa sauka saboda hazo. Zafin bazarar ma ba alheri ba ne gare ni, domin gumi na ƙarar da ruwan jiki. Kano tana da manyan asibitoci, tana da dangi, amma a layi biyu na farko ta faɗi. Zariya da Katsina da Sakkwato duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Abuja dama-dama ce wajen sanyi, ga ta kusa da gida, tafiyar 'yan sa'o'i daga Jos. Sai dai hazo na isa can sosai, kuma da muka lissafa kuɗin haya da albashinsa, sai muka ga sai dai mu zauna a bayan gari, ya riƙa fita tun asuba yana dawowa bayan isha'i. Na tambayi kaina, idan ciwo ya tashi da tsakar rana, wa zai kai ni asibiti?

LAKWAJA

Garin da ya fi kwanta mini a rai da farko shi ne Lakwaja, babban birnin Jihar Kogi, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu. Gari ne a kwari, mai ɗumi, kusan ba a san rigar sanyi ba. Akwai Hausawa da Nufawa tun zamanin da, har Sarkin Kano Alu, wanda Turawa suka kama a 1903, a can ya ƙare rayuwarsa a 1926. Maigidana har ya fara tsokanata wai zai kai ni inda aka kai sarkinsu.

Muna cikin wannan shawara, a watan Oktoba na 2022, sai ambaliya ta ci garin, kamar yadda ta yi a 2012. Ruwa ya shanye gidaje, ya rufe hanyar Abuja wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Likitana kuma ya ce, "Ki tuna, inda ruwa yake nan sauro yake, kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi sanyi haɗari ga mai sikila." Jikina ya yi sanyi. Na ga ina shirin gudun gara in faɗa gidan zago.

LEGAS DA FATAKWAL

Legas ba ta san hunturu ba sai 'yan kwanaki, dare da wuya ya sauka ƙasa da digiri 20. A can ne ma cibiyar masu sikila ta ƙasa take, a Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa na jami'ar Legas, ga Hausawa a Agege da Idi-Araba da Obalende kamar kana Kano. Amma wata ƙawar Umma da ta shekara 15 a Agege ta ce mini, "'Yar nan, Legas ta mai ƙarfi ce. Tafiyar da za ki yi a minti 20 sai ki yi awa 3 a cikin go-sulo." Na tuna yadda minti ɗaya yake zama kamar shekara idan ciwo ya tashi, na ja layi a kan Legas. Fatakwal kuwa ruwan sama ne kusan duk shekara, kuma dukan ruwa shi ma yana tayar mini da ciwo, ga baƙin hayaƙin da mutanen garin suka yi ta kuka da shi daga shekarar 2016.

IBADAN

Ban taɓa kawo Ibadan a raina ba, sai da wani tsohon direba abokin Baba ya ce, "Ku gwada Badun mana. Tana da ɗumin Legas, ba ta da haukan Legas." Na koma ga littafina. Hunturu na isa Ibadan, amma kafin ya kai can ƙarfinsa ya ƙare, dare a Janairu yana wajen digiri 20. Akwai asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957, shi ne irinsa na farko a Nijeriya, kuma yana da sashen masu ciwon jini. Wannan ya fi komai muhimmanci gare ni, domin likita ya gargaɗe ni cewa ranar da Allah ya ba ni ciki, dole in kasance kusa da ƙwararru. Akwai unguwar Sabo, inda Hausawa fataken goro da shanu suka zauna tun wajen 1916, da masallatansu da makarantun allo da sarkinsu. Haya ta fi ta Legas da Abuja sauƙi. Tun 2021 kuma akwai sabon jirgin ƙasa tsakaninta da Legas.

Ban ɓoye wa kaina aibinta ba. Sauro na nan. Daga Jos tafiyar yini guda ce cur a mota. Kuma ban manta rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021 ba, wanda ya taɓa 'yan Arewa da yawa. Sai dai ni 'yar Jos ce, na tashi ina jin labarin 2001, na ga 2008 da 2010 da idona ina yarinya. Na san babu garin da aka rubuta wa zaman lafiya a takarda, sai dai addu'a da kyautata maƙwabtaka.

DAREN DA HAJIYA TA ZO

Da labari ya isa Kano, sai ƙura ta tashi wadda ta fi ta hunturu. Hajiya ta ce ba da ita ba. Aka ce an ce na mallake mata ɗa tun ban shiga gidan ba, wai in banda asiri, wane ɗa ne zai bar uwarsa ya bi mace Kurmi? Ta aiko masa cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Har an fara raɗe-raɗin a fasa. Umma ma, da nake zaton tana bayana, na same ta a kicin tana kuka. Ta ce, "Ni kaɗai na san yadda ake riƙe ki in ciwon ya tashi. A can wa zai riƙe ki?" Na rasa amsa. Na kwana uku ina istihara, har na yanke a raina in ce masa mu tafi Kanon kawai, abin da Allah ya rubuta ba makawa.

Ban kai ga faɗa masa ba. A ƙarshen Disamba aka yi wani muku-mukun sanyi, ciwo ya kama ni a ƙirji da baya, aka kwantar da ni, har da ƙarin jini. A kwana na huɗu sai ga Hajiya da kanta, ta zo dubiya, ko kuma in ce ta zo ta ga yarinyar da ke neman raba ta da ɗanta. Dare ya yi mata, ta kwana a asibitin tare da Umma. Ni ban san abin da ya faru a daren ba, domin ba na cikin hayyacina. Daga baya Umma ta gaya mini cewa Hajiya ta cire bargonta ta ƙara mini, ta zauna tana karkarwa har asuba tana riƙe da hannuna.

Da gari ya waye ta kira ɗanta a gabana, ta ce, "Kai, rubuta takardar nan. Ka kai ta duk inda za ta rayu. Gara in yi kewarku da in yi zaman makokinta." Ta juyo gare ni ta ce, "'Yata, ki yafe mini, ji nake yi, yau na gani." Na kama hannunta na fashe da kuka, Umma ma kuka, har matar da ke gadon kusa da ni sai da ta share hawaye.

Duk da haka ban yarda an rubuta takardar ba sai da na je na gani. Gani ya kori ji. Da na warware, a ƙarshen Janairun 2023, muka tafi da Gwaggo muka sauka wajen wata 'yar uwarta a Sabo. A daren farko na kwanta da zani ɗaya, babu safa, babu suwaita, babu bargo, na farka da asuba ina taɓa gwiwoyina ina jiran ciwo, shiru. Na je asibitin na ga yadda ake karɓar masu irin ciwona, na auna tafiyar daga unguwar da za mu zauna. Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure, aka kai ni.

YAU DA NAKE RUBUTUN NAN

Kada wata ta ɗauka na warke. Sikila na nan, kuma ba a canza jini da canjin gari. A daminar farko ruwa ya doke ni a hanyar kasuwar Bodija, na yi kwana biyar a kwance. Zazzaɓi ma ya kama ni sau ɗaya da na yi sakaci da gidan sauro. Kewar gida kuwa ba a magana, watannin farko kullum sai na yi kuka bayan mun gama waya da Umma. Na sha dariya wajen maƙwabta kafin in iya gaisuwa da Yarbanci, kuma har yau amala ba ta zauna mini sosai ba. Amma tun da na zo, Disamba da Janairu ba su ƙara kwantar da ni a asibiti ba. Watannin da a da nake kwance ina kirga silin, yanzu a cikinsu nake rubuta littattafaina. Umma da Hajiya kuwa sun mayar da gidana wurin gudun sanyi, sai su haɗo tafiya tare, su zo da kuka da daddawa da kilishi, su yi mana wata guda.

Ga wadda ke cikin irin halin da na shiga, ko don sikila, ko asma, ko ciwon gaɓoɓi na wata tsohuwa a gida, shawarata ita ce kada ki zaɓi gari don an ce miki yana da zafi. Ki tambayi yadda darensa yake a Janairu, ba ranarsa ba. Ki tambayi ƙurarsa da sauronsa da ruwansa. Ki san minti nawa ne daga ƙofar gidanki zuwa asibitin da ya san ciwonki. Ki tabbata akwai ko mutum ɗaya da za ki buga wa ƙofa da tsakar dare. Ki je ki kwana a garin a lokacin da ciwonki ya fi tashi. Sannan ki yi shawara da likitanki da iyayenki, ki yi istihara. Kowane gari da kuɗin da ake biyansa, ke dai ki zaɓi wanda jikinki zai iya biya.

Wadda kuma ba ta da halin tashi, kuma na san su ne suka fi yawa, kada ta karaya. Ki yi wanka da ruwan ɗumi, kuma ki bari sai rana ta fito. Ki sa safa da hula da rigar sanyi tun kafin magariba, kada ki ji kunyar a ce kin yi shigar tsofaffi. Ki sha ruwa da yawa ko ba kya jin ƙishirwa. Ki rufe hanci in ana hazo, ki shafa man kaɗanya ko basilin, ki kwana a gidan sauro, ki riƙe magungunan da likita ya ba ki. Don Allah kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, iskarsa ba ta da wari amma tana kisa. 'Yan makarantar kwana, ku sanar da shugabar makaranta da matar da ke kula da ɗakin kwana halin da kuke ciki, a kawo takardar likita, a ɗauke muku wankan asuba da sharar fili. Ciwo ba abin kunya ba ne.

Ku kuma 'yan mata masu jiran na Allah, in saurayi ya ce zai iya mutuwa dominki, ki ce masa ba kya so, ya je ya yi gwaji ya kawo takarda tukuna.